Shin wasan da jirgin yaƙi ke yi a sama ne ke sayar da shi?

Tambaya: "Malam, na kalli bidiyon jirgin Tejas na Indiya da ya faɗo a baje kolin jiragen sama na Dubai. Na kuma sha ganin na Rasha suna miƙewa tsaye a sama kamar kumurci. Wai wannan wasan ne ke sa ƙasashe su sayi jirgin yaƙi? In kuma jirgi ya faɗi a gaban masu saye, kasuwarsa ta mutu ke nan?"

Ɗan'uwa, ka yi tambaya mai kyau, kuma haɗarin da ka kalla na gaske ne. Ranar 21 ga Nuwamba 2025 ya faru, ranar ƙarshe ta bikin, matuƙin kuma bai tsira da ransa ba. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Wasan nan talla ne, tallan kuma yana da nasa amfanin, amma cinikin a wani wuri dabam ake ƙulla shi. Duk wanda ya taɓa sayen doki ya san ba a ranar hawan daushe ake saye ba. A ranar an yi masa kwalliya, an sa masa jalala, yana rawa yana miƙewa da ƙafa biyu. Mai saye na gaske sai ya bari an watse, ya bi shi barga, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya tambayi kwanon dawa nawa yake ci a rana.

Fara da jirgin da kake gani a bidiyon. Ka lura da ƙarƙashin fukafukansa, yawanci fayau suke. Babu bam, babu tankin mai na ƙari, in ma akwai makami mai linzami to na kwaikwayo ne guda biyu ko kuma na'urar fitar da hayaƙi. Man da ke cikinsa ɗan kaɗan ne, daidai wanda zai ishe shi wasan da ba ya kai minti goma. Wanda ke tuƙin kuma ba kowane matuƙi ba ne, ko dai matuƙin gwaji na kamfanin ne ko wanda rundunar ta tsamo cikin ɗaruruwa, ya maimaita juyin nan sau ba adadi har ya zame masa jiki. Jirgin nan idan za shi aiki, sai a rataya masa tankuna biyu ko uku, bama-bamai, na'urar saita hari, ya tashi da ƙyar kamar motar da aka yi wa lodin buhunan masara. Rafale na Faransa, alal misali, idan ba kaya a jikinsa zai iya yin kwanar da za ta ninka nauyin matuƙi sau tara. Da an loda masa manyan kaya, kwamfutarsa da kanta take rage masa zuwa wajen biyar da rabi don kada ƙarfen ya ji jiki.

Wancan miƙewar kumurci da ka ambata tana da tarihi. A baje kolin Faris na 1989, a filin Le Bourget, matuƙin gwaji Viktor Pugachev ya zo da jirgin Su-27 na Tarayyar Soviet a miƙe, ya ja hancin jirgin sama har ya wuce tsaye ya ɗan karkata baya, cikin jirgin na fuskantar inda ya dosa, sannan ya maido shi ƙasa ya ci gaba da tafiya kusan a tsayin da yake. Turawan Yamma da ke wurin suka riƙe baki. Ba zan raina abin ba, domin injiniya yana karanta abubuwa da yawa a ciki: injin bai shaƙe ba duk da iska ta daina shigarsa ta gaba, jirgin bai kufce wa matuƙi ba, tsarin fukafukan yana da kyau ƙwarai. Sai dai cikin sakan biyu zuwa uku jirgin ya zubar da mafi yawan gudunsa. A fagen daga, jirgin da ya yi haka ya zama kurciyar da ta sauka gaban mai danƙo, in abokin gaban yana da ɗan'uwa a kusa. Kuma ma yaƙin sama na yanzu da wuya a kai ga ganin juna. Makamai irin su AMRAAM na Amurka, Meteor na Turai da PL-15 na Sin, daga nisan da ya haura kilomita ɗari ake sakin su. A arangamar Indiya da Pakistan ta watan Mayun 2025, jiragen kowane ɓangare a sararin samaniyar ƙasarsu suka tsaya suna harbi daga nesa. Pakistan ta ce J-10C ɗinta, ƙirar Sin, ya kakkaɓo jiragen Indiya, babban hafsan tsaron Indiya daga baya ya amsa cewa sun yi asara ba tare da ya faɗi adadi ba, hannun jarin kamfanin Chengdu mai ƙera jirgin ya yi tashin gwauron zabo. Dare ɗaya ya yi wa J-10C tallan da shekarun wasa a baje kolin Zhuhai ta Sin ba su yi masa ba.

Abin da ake biyan kuɗi dominsa a jirgin zamani ba ya fitowa a hoto. Na'urar radar ce da ke cikin hanci, da na'urorin rikita radar ɗin abokin gaba, da hanyar da jirgi ke musayar bayanai da 'yan'uwansa da na ƙasa, da manhajar da ke tattara duk wannan ta ajiye wa matuƙi a allo ɗaya. Kamfani ba ya kunna waɗannan a filin biki, domin ya san cikin 'yan kallo akwai masu kunne. F-35 da F-22 na Amurka, waɗanda aka ƙera don ɓace wa radar, har wasu 'yan ƙarafa ake maƙala musu da gangan don radar ta gan su ɓaro-ɓaro, saboda kada wani ya auna ainihin yadda suke ɓacewa. A 2014 an yi ta shelar F-35 zai bayyana a baje kolin Farnborough ta Ingila, sai injin ɗaya ya kama wuta a Amurka, aka hana su tashi, bai zo ba. Jaridu suka yi masa dariya son ransu. Yau an ƙera fiye da dubu, ƙasashe na bin layi. F-22 kuwa, wanda a ganina wasansa ya fi na kowane jirgin Yamma ɗaukar ido, ko tsibin zinariya ka kawo ba za a sallama maka ba, domin majalisar dokokin Amurka ta haramta sayar da shi waje tun ƙarshen shekarun 1990. Japan ta nema, aka ce mata albarka.

Labarin da na fi so in ba mai irin tambayarka shi ne na Rafale. Samfurinsa na farko ya tashi a 1986. Daga nan babu babban bikin da bai je ba, kuma duk wanda ya san jirgi ya yarda wasansa na da kyau. Amma kasuwa ta ƙi. Koriya ta Kudu ta gwada shi ta ɗauki F-15 na Amurka a 2002. Singafo ta yi haka a 2005. Maroko, wadda Faransa ke gani kamar ta gida, ta ɗauki F-16 na Amurka a 2007. A bikin Dubai na 2011, yarima mai jiran gado na Abu Dabi a lokacin, Muhammad bin Zayed, ya fito fili ya soki sharuɗɗan kamfanin Dassault mai ƙera Rafale, alhali jirgin na shawagi a kansu. Suwizalan da Brazil suka zaɓi Gripen na Suwidin. Har a Faransa aka fara kiransa jirgin da ba ya sayuwa. Sai a Fabrairun 2015 Masar ta sayi 24. Me ya canza? Ba sabon juyi matuƙin ya koyo ba. Amurka ta riƙe wa Masar jiragen F-16 bayan kifar da gwamnatin Mursi a 2013, Alƙahira na neman wata ƙofa. Bankunan Faransa suka ba da bashi, gwamnati ta tsaya lamuni. Aka ciro jiragen da ake ƙera wa rundunar Faransa aka ba Masar, uku na farko suka isa cikin watanni biyar. Sannan jirgin ya riga ya yi aiki an gani: Afghanistan, Libiya a 2011, da Mali a Janairun 2013, lokacin da guda huɗu suka taso daga Faransa, suka kai hari yankin Gao, suka sauka Njamena bayan fiye da awa tara a sama. Da Masar ta buɗe hanya sai ga Qatar, Indiya, Girka, Kuroshiya, Indonesiya da 42, Hadaddiyar Daular Larabawa kuma, wadda ta kushe shi a 2011, ta sayi 80 a Disambar 2021. Wannan jirgin na daga cikin abin da ya ɗaga Faransa zuwa ta biyu a sayar da makamai. A ƙididdigar 2020 zuwa 2024 ta SIPRI, cibiyar da ke bin diddigin cinikin makamai, Amurka na da kashi 43 cikin ɗari, Faransa 9.6, Rasha ta zame zuwa 7.8.

Ƙasar da ta san abin da take yi ba ta cinikin biri a sama. Lokacin da Indiya ke neman jirage 126, ta kira kamfanoni shida, ta ce kowa ya kawo jirginsa. Aka kai su Bangalor, aka kai su zafin hamadar Jaisalmer, aka kai su Leh da ke can saman duwatsun Himalaya, inda iska ba ta da kauri kuma injin da ya kwana cikin sanyi sai ya ga dama yake tashi. Matuƙan Indiya ne suka tuƙa, aka auna abubuwa sama da ɗari shida. Finland ta kira nata masu neman kwangilar tsakiyar hunturun 2020, kafin ta zaɓi F-35 guda 64 a ƙarshen 2021. Nan ne ake buɗe bakin doki. Kuma ko a nan, wanda ya ci jarrabawa ba lallai ya ci kasuwa ba. Rafale ya lashe gasar Indiya a 2012, aka shekara uku ana ja-in-ja kan farashi da wanda zai ɗauki alhakin jiragen da za a harhaɗa a Indiya, ƙarshe aka soke, aka sayi 36 kawai.

Sai batun izini, wanda a wurina shi ne uwa uba. Jirgin yaƙi ba mota ba ce da za ka biya ka karɓi makulli. Gwamnati ce ke sayar wa gwamnati, kuma duk ƙasar da ke da ko ƙusa ɗaya a jikin jirgin tana da bakin magana. Ajantina ta so FA-50 na Koriya ta Kudu, Birtaniya ta hana a 2020 saboda akwai kayanta a ciki, ga tsohuwar gaba tun yaƙin Falkland na 1982. Sai a 2024 ta samu tsoffin F-16 guda 24 daga Denmark, da amincewar Amurka. Turkiyya na cikin masu ƙera sassan F-35, ta zuba kuɗinta, amma aka kore ta daga shirin a 2019 don ta sayi makamin kakkaɓo jirage S-400 na Rasha. Indonesiya ta sa hannu kan Su-35 na Rasha guda 11 a 2018, har da yarjejeniyar biyan wani kaso da manja, gahawa da roba, tsoron takunkumin Amurka ya sa ta janye. Su-35 kuwa in wasa ne, kaɗan ne ke kama ƙafarsa.

Mu ma a Najeriya mun ɗanɗana. A 1967 Birtaniya da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin tarayya jiragen yaƙi, sai ga MiG-17 na Tarayyar Soviet sun sauka Kano a watan Agusta. Babu wanda ya je kallon wasa kafin wannan cinikin, mai sayarwa aka samu aka saya. A 2014 Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da jiragen Cobra masu saukar ungulu, lokacin Boko Haram na riƙe da garuruwa. Super Tucano guda 12 da aka biya kusan dala miliyan 500, gwamnatin Obama ta dakatar da cinikin bayan bam ɗin da ya faɗa kan sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, gwamnatin Trump ta sake shi, suka iso a 2021 aka ajiye su Kainji. Ka duba jirgin da kansa: mai farfela ne, ba mai tsayawa ɗaukarsa bidiyo a Dubai. Amma yana iya yin awanni yana shawagi kan daji da ɗan mai kaɗan, aikin da muke da shi ke nan. A 2021 ɗin ce kuma aka ƙaddamar da JF-17 guda uku na Pakistan da Sin a Makurɗi.

Kuɗin saye ma somin taɓi ne. Darasin da ya kamata mu riƙe shi ne na jirgin Jaguar. Najeriya ta sayi 18 daga Birtaniya, suka iso tsakiyar shekarun 1980, jirage masu kyau. Farashin mai ya faɗi, kuɗin kayan gyara ya gagara, kafin a je ko'ina an jere su a ƙasa, rana da ruwa suka cinye su. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A tsawon shekara talatin ko arba'in da jirgi zai yi, abin da za a kashe wa mai, kayan gyara, horar da matuƙa da kanikawa, da sabunta manhaja ya ninka kuɗin sayensa. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya ƙiyasta a 2024 cewa kula da F-35 na Amurka kaɗai zai ci kusan dala tiriliyan 1.6, cikin sama da tiriliyan biyu na shirin gaba ɗaya. Shi ya sa mai saye mai wayo ke tambayar me za a bar masa a gida. Brazil ta ɗauki Gripen 36 ne da sharaɗin a koyar da injiniyoyinta kuma a harhaɗa wasu a masana'antar Embraer ta Brazil. Na goro kuma ba a rasa shi a wannan kasuwa, amma wannan zance ne na wata rana.

To me ya sa ake wahalar kai jirage biki? Karon farko da na shiga ɗaya daga cikin rumfunan gilashin da kamfanoni ke jerawa a bakin filin, abin da ya ba ni mamaki shi ne wanda ke kallo da wanda ba ya kallo. A waje rana na dukan mutane, ga warin kananzir, kowa ya toshe kunne ya ɗaga waya. Jirgi ya wuce da wuta shuɗiya a wutsiya, ƙarar ta bugi ƙirjina har motocin da ke fake suka ɗauki kuka. A ciki kuwa, wasu hafsoshi huɗu na zaune da shayi, biyu sun ba gilashin baya. Ɗaya ya ɗan waiga, ya gyaɗa kai, ya koma kan takardar da ke gabansa, yana bin wani layi da biro yana tambayar wata nawa injin ke yi kafin a sauke shi. Amfanin bikin ke nan. Cikin kwana biyar, hafsan sojin sama zai gana da kamfanoni goma da ministoci uku, abin da zai ci masa shekara yana yawo. Wasan na waje kuma na ministan kuɗi ne da 'yan majalisa da talakan da za a kashe harajinsa, don in an ce musu biliyan kaza su tuna abin da idonsu ya gani. Yana kuma nuna cewa jirgin na nan da gaske, yana tashi kullum a kan lokaci. Rasha ta nuna Su-75 a Mosko da Dubai a 2021, gunki ne da ba ya tashi, shekaru suka shuɗe masu saye na jira su gan shi a sama.

Sanarwar ciniki da kake ji lokacin biki, yawanci an gama dafa ta ne, aka ajiye don ranar da 'yan jarida suka taru. A Faris a 1975, samfurin F-16 ya yi wasan da ya dusashe Mirage F1 a gidansa, a kwanakin kuma aka tabbatar Beljiyam, Holan, Denmark da Norway za su sayi 348. Mutane suka ce wasan ne ya ci. Alhali an daɗe ana tattaunawa, rundunar Amurka ta riga ta zaɓi jirgin wa kanta, kuma an yi alkawarin harhaɗa shi a Beljiyam da Holan. Haka a Yulin 2022, tawagar wasan sama ta Koriya ta Kudu ta yi shawagi a Poland daidai lokacin da ake sa hannu kan FA-50 guda 48. Abin da ya ja Poland shi ne yaƙi na ci a Yukren, ta ba da MiG-29 ɗinta ko tana shirin bayarwa, Koriya kuma ta ce za ta kawo 12 cikin shekara mai zuwa, ta kuma kawo.

Yanzu tambayarka ta biyu. A bikin nan na 1989 da aka yi kumurci, MiG-29 ya haɗiyi tsuntsu a injin dama yana tafiya a hankali kusa da ƙasa, ya kife. Anatoly Kvochur ya cilla kansa saura sakan biyu jirgin ya daki ƙasa, lemarsa ko gama buɗewa ba ta yi ba, ya rayu. Kujerar da ta cillo shi ta yi suna har Amurkawa suka nemi gwada ta daga baya, MiG-29 kuma aka ci gaba da sayensa. A 1999, a filin dai, Su-30 ya goga wutsiya a ƙasa ya kama wuta, matuƙa biyu suka fice lafiya. Shekara ɗaya da rabi bayan haka Indiya ta sa hannu kan harhaɗa 140 a gida, Malesiya da Aljeriya suka biyo baya. Masu saye rahoton bincike suke jira. In tsuntsu ne ko kuskuren lissafin matuƙi, su ma suna da tsuntsaye da matuƙa a gida. In aibi ne a ƙirar jirgin, nan ne hankalinsu ke tashi.

Wanda haɗari ya yi wa illa sosai shi ne F-20 na kamfanin Northrop na Amurka. Uku kacal aka ƙera. Ɗaya ya faɗi a Koriya ta Kudu a 1984 yana nuna kansa ga masu saye, na biyu ya faɗi a Kanada a 1985 yana atisayen zuwa Faris, matuƙan biyu duk suka mutu. Bincike ya nuna jini ne ya sauka daga kansu saboda tsananin kwana suka suma, ba a ga laifin jirgin ba. Duk da haka ko ɗaya ba a sayar ba, aka rufe shirin a 1986 bayan kashe sama da dala biliyan ɗaya. Amma ciwonsa ya girmi haɗarin: rundunar sojin saman Amurka ta ƙi sayensa, gwamnatin Reagan kuma ta buɗe wa ƙawayenta ƙofar F-16. Wa zai sayi abincin da mai dafawa ya ƙi ɗanɗanawa?

Tejas ya fi F-20 sa'a ta wannan fuskar, domin gida na sayensa: 83 a 2021, ƙarin 97 a Satumbar 2025. Haɗarin Dubai zai ɓata masa suna, abokan hamayya kuma za su yi ta nuna bidiyon a ɓoye da sarari. Sai dai abin da ke hana shi fita waje ya daɗe. Injinsa na kamfanin GE ne na Amurka, ya zo a makare har isar da jiragen ga rundunar Indiya kanta ya ja baya, kuma duk wanda za a sayar wa sai Washington ta yarda. Akwai kayan Isra'ila a cikinsa, kujerarsa mai cilla matuƙi waje ta Birtaniya ce, wadda ta isa ta toshe hanyar Ajantina. Malesiya ta auna shi da FA-50, ta ɗauki na Koriya guda 18 a farkon 2023. A lokacin Tejas ya shekara ashirin da biyu yana tashi, ko sau ɗaya bai taɓa faɗuwa ba.